NEMAN AIKIN TUƘIN BABBAR MOTA: A San Yadda A Ke Biya Kafin A Karɓi Makulli

Da wuya a sami malamin makaranta ko akawu a ƙasar nan wanda wani saurayi bai taɓa yi wa sallama ba, ya ce, "Malam, na sami hanyar aikin mota, ina so ka rubuta mini takardar neman aiki," ko kuwa, "An ce in kawo wanda zai tsaya mini." Malam ya kan ɗauki alƙalami ya rubuta, ya sa hannu, ya bi shi da addu'a. Amma sau da yawa daga Malam har mai neman aikin ba wanda ya tambayi sa'a nawa za a riƙa yi bisa sitiyari, ko wa zai biya in taya ta fashe a daji. Tambaya guda a ke yi, watau nawa ne albashi.

To, a ganinmu akwai tambayar da ta riga wannan. Kafin a ce nawa a ke biya, ya kamata a san yadda a ke biya, domin hanyar da ubangida ya ke lissafta ladan direba ita ce ke yanke masa yawan barcin da zai yi, da gudun da zai yi, da ko zai tsufa cikin sana'ar ko kuwa a bar iyalinsa da ta'aziyya. Wannan shi ne abin da mu ke so mu warware wa masu karatu, don su sami abin faɗa wa ƙannensu da almajiransu.

Matsayin Sana'ar

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da yawa bayan haka shi ne ke kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, motoci kuwa aikinsu shi ne kai kaya tasha. Da harkar jirgi ta yi rauni sai nauyin ya koma bisa kwalta. Yau siminti daga Obajana da Ashaka da Sakkwato, da man fetur daga Ikko, da hatsi daga kasuwar Dawanau, da shanu daga Potiskum da Maigatari da Wudil, da albasa daga Aliero, mafi yawansu bisa bayan tirela su ke tafiya. Ran da direbobin manyan motoci su ka ajiye makulli, kafin mako ya zagayo kowace kasuwa ta ji a jikinta.

Saboda haka direban da ya iya aikinsa, ya ke kuma da amana, ba mabaraci ba ne a ƙofar mai mota. Mutum ne da a ke damƙa wa dukiyar miliyoyin Naira ya tafi da ita inda mai ita ba ya gani. Yana da ikon ya yi tambaya, ya kuma zaɓa.

Iyayen Gida Iri Uku

Masu ɗaukar direbobi sun kasu kashi uku. Na farko su ne manyan kamfanoni masu motocin kansu, kamar na siminti da na gari da na mai. Waɗannan su kan yi wa mai neman aiki jarrabawar tuƙi, su aika da shi wurin likita, su ba shi takardar kama aiki. Dokokinsu da tsanani, motocinsu kuma galibi da na'urar da ke nuna wa ofis inda mota ta ke da gudun da ta ke yi. Waɗansu direbobi su kan ƙi wannan, suna cewa an sa musu ido. Amma na'urar da ta tona direba in ya saɓa hanya, ita ce kuma za ta yi masa shaida ran da aka yi masa ƙazafi.

Na biyu su ne 'yan kwangilar sufuri, masu motoci goma ko ashirin ko ɗari, waɗanda ke yi wa kamfanoni dako. Da yawansu suna cikin ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, watau NARTO. A cikinsu akwai na ƙwarai da ba su da bambanci da babban kamfani, akwai kuma waɗanda sunan kamfani kawai gare su. Tun 2007 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta shimfiɗa tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin sufuri biyar ko fiye ya yi rajista da ita, ya kuma ajiye jami'in da ke kula da lafiyar motoci da direbobi. Mai neman aiki ya tambaya ko akwai wannan jami'i, amsar da aka ba shi za ta nuna masa irin gidan da ya shigo.

Na uku shi ne attajiri mai mota ɗaya ko biyu, wanda sau da yawa ɗan gari ne ko ɗan'uwa. A nan a ke samun mutunci da sanayya, har ubangida ya yi wa direba aure ko ya kai shi Makka. A nan ne kuma a ke jin kunyar rubuta magana, sai ran da mota ta lalace a ga ashe kowa da abin da ya fahimta.

Hanyoyin Biya

Hanya ta farko ita ce albashin wata, a haɗa da kuɗin abinci da na kwana na kowace tafiya. Ko mota ta yi lodi ko tana gareji, direba ya san abin da zai kai gida. Kuɗin ya kan yi kamar bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da abin da waɗansu ke fahariya da shi a tasha, amma mai wannan albashi in barci ya kama shi a Tafa ko Mararrabar Jos, sai ya faka ya kwanta, ba abin da ya ragu daga aljihunsa.

Hanya ta biyu ita ce biya bisa kowane sawu, ko kuwa a ba direba wani kaso daga kuɗin lodi. A nan kowace sa'a da ya yi yana barci hasara ce gare shi. Ba wanda ya ce masa ya yi gudu, ba wanda ya ce kada ya huta, amma lissafin da kansa yana kora shi. Ga kuma kwanakin jira. Direba ya kan yi kwanaki a layin ɗaukar mai, ko a ƙofar masana'anta yana jiran a sauke, ko a hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa, wadda cunkosonta ya kai har hukumar tashoshin ta fito da tsarin kiran motoci ta na'ura a watan Fabrairu 2021. Mai albashin wata ana biyansa waɗannan kwanaki. Mai biyan sawu kuwa daga aljihunsa ya ke ci, sa'an nan in ya sami lodi sai ya nemi fanshe kwanakin da gudu da tafiyar dare.

Hanya ta uku ita ce a dunƙule wa direba kuɗin hanya gaba ɗaya, da na man dizal, da na abinci, da na 'yan kamasho, da abin da a ke karɓa a shingaye, a ce abin da ya rage nasa ne. Wannan ita ce ta fi daɗin ji a kunne, ita ce kuma ta fi haifar da ɓarna. Don mai ya ragu sai direba ya saki giya a gangara, alhali kuwa mota mai nauyi tana bukatar injin ya taya birki riƙe ta. Don a sami ƙari sai a ɗora kaya fiye da kima, ko a ɗebi fasinja bisa buhuna da bisa shanu, abin da doka ta hana, abin da kuma ya sha jawo mutuwar mutane da yawa a faɗuwar mota guda. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma gaskiya ita ce ba direba kaɗai ya ƙera wannan mabuɗi ba.

Lissafin Sa'o'i

Bari mu yi lissafin da kowane ɗan makaranta zai iya bi. Daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi, ko ta Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja da Abuja. Ka'idar hanya ta Nijeriya ta yanke wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a sa'a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma tun watan Fabrairu 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. In an raba 1,000 da 50, an sami sa'a 20 ta tuƙi zalla, ban da salla, da cin abinci, da shingaye, da ramuka, da facin taya.

To, sa'a nawa ya kamata mutum ya yi yana tuƙi a yini? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya kan wannan a 1979. Ta ce kada direba ya wuce sa'a 4 a jere bai huta ba, kada ya wuce sa'a 9 a yini ko 48 a mako, ya kuma sami hutun sa'a 10 a jere cikin kowace sa'a 24. Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi tasu doka a 2006: sa'a 9 a yini, da hutun minti 45 bayan sa'a huɗu da rabi, da wata na'ura cikin mota mai rubuta lokacin tuƙi da na hutu. A Amurka iyakar ita ce sa'a 11, bayan direba ya huta sa'a 10 a jere.

In mun auna tafiyar Kano da ma'aunin sa'a 9, sai mu ga ba ta ƙarewa sai an shiga yini na uku. Saboda haka duk ubangidan da ya ce mota ta tashi Ikko yau da safe ta sauke a Kano gobe da safe, ya sani cewa ɗayan biyu ya ke nema: ko a karya dokar gudu, ko a hana ido barci. Sai fa in ya sa direbobi biyu masu lasin suna karɓar juna, ba direba da yaron mota ba.

Barci kuwa ba a cin bashinsa a ƙi biya. Goro da gadagi da ƙwayoyi irin su tiramadol ba sa kore gajiya, sai dai su ɓoye ta, ido a buɗe amma hankali ya tafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ke nan ya isa ta yi tafiyar mita 50 ba mai riƙe da ita. Kowa ya san abin da faɗuwar babbar mota ke jawowa. A watan Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, ta kama wuta, mutum fiye da 100 su ka rasu. A watan Janairu 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, mutum fiye da 80 su ka halaka. Bayan wannan ne hukuma ta hana loda mai a tankoki masu cin lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris 2025. Ba mu kawo waɗannan don ɗora wa wani direba laifi ba, sai don a san girman abin da ke bayan mai riƙe da sitiyari.

Abin Da Doka Ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta ba ma'aikaci haƙƙoƙin da direbobi da yawa ba su san da su ba. Ta ce kafin wata uku ya cika da fara aiki, lalle ubangida ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikin, da yawan lada, da yadda a ke lissafta shi, da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Ta ba da hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken lada bayan shekara guda, da ladan kwana 12 a shekara in likita ya tabbatar da rashin lafiya.

Game da yankan albashi, wanda shi ne babban kukan direbobi, dokar ta hana ubangida cin ma'aikaci tara. In sakacin ma'aikaci ko gangancinsa ya jawo hasara, ana iya yankar wani abu daidai kima, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a yanka a wata kada ya wuce sulusin albashin. Saboda haka direban tanka da aka ce mai ya kasa, ko na siminti da aka ce buhu ya fashe, yana da ikon ya nemi a nuna masa yadda aka auna.

A watan Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Amma a lura da kyau: wannan doka ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin kamasho ko waɗanda a ke biya bisa yawan abin da su ka yi ba. Watau direban attajiri mai mota biyu, da mai karɓar kuɗin sawu, suna iya faɗawa wajen inuwarta. Wannan ma wani dalili ne na fifita albashin wata.

Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa ubangida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya ga asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko magadansa in ya rasu. Ba a yankar wannan daga albashin ma'aikaci. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8, cikin asusun da ke da sunan ma'aikacin. In rigima ta taso, akwai ofishin ƙwadago, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai kuma ƙungiyoyi irin su NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG. Maganar shiga ƙungiya ba ƙarama ba ce: a watan Satumba 2025, bayan matatar Dangote ta ba da sanarwar kawo motoci 4,000 masu aiki da iskar gas, saɓani ya tashi tsakaninta da NUPENG kan wannan batu, har sai da gwamnati ta shiga tsakani.

Shirin Mai Neman Aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son aiki na ƙwarai ya fara da lasin na gaskiya. Lasin mai aji G shi ne na tirela, kuma wanda ya sayi na jabu ya sani cewa ran da aka yi haɗari shi za a bari riƙe da laifin. Ya je likita ya duba masa ido da hawan jini da ciwon sukari, domin waɗannan su kan kama mai yawan zama ba tare da ya sani ba. Ya nemi takardar shaida daga direban da ya koya masa da ubangidan da ya bari. Ya koyi karanta takardar kaya, kada ya sa hannu kan abin da bai ƙirga ba.

Sa'an nan ya binciki ubangida kamar yadda ubangida zai bincike shi. Matambayi ba ya ɓata. Ya je inda motocin gidan ke fakawa ya zauna da direbobinsu a teburin mai shayi. Ya tambaya shekara nawa mafi daɗewa cikinsu ya yi, domin gidan da direbobi ke shiga suna fita kamar kasuwa akwai dalili. Ya tambaya ran nawa ga wata a ke biya, da abin da aka yi wa iyalin direban da ya yi haɗari. Ya dubi tayoyi da fitilu da birki, ya tambayi bakaniken gidan ko ana sayen kayan gyara in ya nema. Mai motar da ke jin ƙyashin sayen taya ba zai ji daɗin biyan albashi ba.

Abubuwan da ya kamata su fito a takarda su ne: albashin wata, da kuɗin kowace tafiya, da ladan kwanakin jira, da wanda zai biya gyara da tara, da yadda a ke auna mai, da kwana nawa aka yanke wa kowace hanya, da wanda ke biyan yaron mota, da ranar hutu. Wanda kuwa ya nemi a ba shi kuɗi kafin ya samo wa mutum aiki, a gida ne ko a ƙasar waje, a yi hattara da shi, a je ofishin kamfanin da ƙafa a tabbatar.

Ga Masu Tsaya Wa Direba

Yanzu sai mu juyo gare ku, malamai da akawuna, tun da ku a ke nema ku tsaya. Sa hannu a takardar lamuni ba gaisuwa ba ce, alkawari ne da a ke iya kai mutum kotu a kansa. Kafin ku sa hannu ku karanta ta tun daga farko har ƙarshe. Ku duba ko an faɗi iyakar kuɗin da za a bi ku, da iyakar lokacin lamunin, da ko sata kaɗai ya shafa ko har da haɗari. Takardar da ta ce mai lamuni zai biya kowace irin hasara, ba iyaka, albashin malami na shekaru ba zai rufe ta ba. Ku nemi a ba ku kofe ku ajiye. Kuma tun da an nemi ku tsaya wa yaro a gaban ubangida, ku ma ku nemi ubangida ya nuna muku takardar da shi ya tsaya a kai.

In ɗan'uwa ne mai motar, rubutun ya fi zama wajibi, domin takarda ba ta ɓata zumunci, rashinta ne ke ɓatawa. A zauna gaban shaidu biyu, a rubuta da Hausa yadda kowa zai gane, kowa ya riƙe tasa.

Shawararmu ga matasa ita ce su gwammace albashi madaidaici mai zuwa kan kari, da motar da birkinta ke ci, da ubangidan da zai ce a kwana in dare ya yi, bisa kuɗi mai yawa da sai an sayar da barci a ke samu. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya tsare direbobinmu, ya kai su lafiya ya komo da su ga iyalansu lafiya, amin.